Babur a Bakin Modu

A duk shekarun da na yi ina ɗaukar sauti, akwai dare guda da ban taɓa mantawa da shi ba, daren da na tayar da rabin garin Diffa tsaye da ɗan yatsana ɗaya. Ku sababbin shiga kuna yi mini dariya don ba na yarda a kunna komai a waje sai da abin kunne, har kun laƙaba mini Baba Kask. To ku gyara zama ku ji inda abin ya samo asali.

Lokacin ina teknisiyan a wani ƙaramin gidan rediyo a Diffa, an kusa shekara uku da kafa dokar ta-ɓaci. Wanda bai zauna garin ba a wancan zamani sai an yi masa bayani. Akwai dokar hana fita: bayan isha'i da kaɗan kowa ya shige gida ya ja ƙofa, sai asuba. Akwai kuma hana hawa babur kwata-kwata, dare da rana, domin a kan babura maharan suke shiga ƙauyukan bakin kogin Komadugu. Ƴan kabu-kabu duk suka ajiye sana'a. Garin da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙugin babura, ya koma kana jin kukan akuyar unguwa ta uku.

Ana cikin haka Fanna ta zo tashar tana neman mai sauti. Ƴar garin ce, ta yi karatun haɗa fim a Yamai, ita ke riƙe kamara ita ke ba da umurni. Fim na gaskiya take so ta yi, irin wanda ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa. Ta ce akwai yara a Diffa da suka yi wayo ba su san yadda garinsu yake da dare ba, tana so ta fitar da uku daga cikinsu dare ɗaya, ta bi su da kamara. Na ce mata ba za a taɓa ba ta izini ba. A zuciyata kuwa addu'a nake a ba ta, don ni ma, da shekara arba'in da shida a duniya, rabona da ganin kwalta da dare har na manta.

Sati uku muka yi muna yawo da takarda daga buro zuwa buro, wato ofis-ofis, kowa ya buga hatiminsa ya tura mu gaba. Na ƙarshe shi ne kaftin ɗin da ke kula da shingayen sojoji na cikin gari. Ya yarda, amma da sharaɗi. A ƙafa za mu tafi, da fitila a kunne ko da yaushe. Ba gudu, ba ihu. Hanya ɗaya ce, daga unguwar Diffa Kura zuwa shataletale, mu ratsa kasuwa mu koma, kafin sha biyun dare kowa yana gida. Zai kuma sanar da shingayen da ke kan hanyar ta rediyonsu.

Da ya zo kan sunayen yaran sai ya tsaya. Kiari da Sani suna da takardar haihuwa. Na ukun, Modu, ba shi da ko guntuwar takarda, domin iyayensa daga tsallaken kogi suka gudo, suka zauna Tumur, daga baya suka ƙaraso Diffa.

“Wannan fa?” in ji kaftin.

Na ce ni na tsaya masa. Ya miƙo mini biro na sa hannu, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

“Malam Lawali, ka ji da kyau. In wani abu ya faru, yaron da ba shi da takarda jandarmari, wurin jami'an tsaro, za a kai shi a bincika. Ka san yadda bincike yake daɗewa.”

Na sani. Kowa a Diffa ya san wani da aka tafi da shi bincike, ana zaton kwana biyu ne.

Ranar da za mu fita, da la'asar na je gidansu Modu. Ubansa yana Shetimari yana ƙwadago a gonakin tattasai, sai uwar na tarar, Ya Falmata. Muka yi wushe-wushe, gaisuwar Barebari, ta ba ni tabarma. A kusurwar ɗakin akwai babur ɗin maigidan, an cire masa ƙafar gaba an lulluɓe shi da tsohon bargo, da shi yake kabu-kabu kafin a hana. Ta ce, “Malam Lawali, namiji guda ke gare ni. Yadda ka ɗauke shi haka za ka maido mini shi.” Na ce in Allah ya yarda da hannuna zan miƙa mata shi. Na faɗa da ƙarfin gwiwa sosai, don a lokacin ban ga abin da zai hana ba.

Ƙarfe tara muka fito. Fanna da kamara, ni da na'urar ɗauka a wuya da doguwar sandar makirfo, yaran kuma suna rigimar wanda zai riƙe fitila. Minti biyar na farko a manne suke da juna, suna tafiya kamar masu satar shiga gonar wani. Da muka hau kwalta suka ga babu mota babu mutum har iyakar ganin ido, sai Sani ya tambaya a hankali ko zai iya kwanciya a tsakiyar titi. Fanna ta ce kwanta. Ya kwanta ya miƙe ƙafafu, sauran biyun suka bi shi, suka yi ta kallon taurari suna ƙyalƙyala dariya cikin tafin hannu saboda sharaɗin kaftin. Kwaltar da sauran ɗumin rana. Na san haka ne domin ni ma na kwanta, da na'urata da furfurata.

Daga nan kan kowa ya kwance. A shataletale Kiari ya hau tsakiya ya zama ɗan sanda, ya tsayar da wani jaki da ya fito yawon dare, ya nemi takardunsa. Jakin ya tsaya kuwa, wallahi, ya saurare shi har ya gama. Sani ya zauna a bencin mai shayin da ya tashi tun magariba, ya yi odar shayi da madara da ƙwai huɗu, ya yi faɗa wai an daɗe ba a kawo ba. A shingen farko sojojin suka haska takardarmu suka ce mu wuce, yaran suka sara musu, ɗaya sojan ya rama. Fanna tana ɗauka tana cije leɓe don kada dariyarta ta girgiza hoto. Ni kuwa na kama kaina ina taka rawa ba kiɗa a gaban wani kantin da ke rufe, sandar makirfo a kafaɗa.

Abin da ya fi ɗauke musu hankali shi ne abin kunnena, wanda muke kira kask. Makirfon aiki yana jin abin da kunnen mutum ba ya ji. Na sa wa Kiari, na juya sandar wajen kogi, ya ji kwaɗin Komadugu kamar a gabansa suke. Na juya ta wajen wani gida ya ji munsharin maigidan. Tun daga nan kask bai dawo kaina ba, daga wannan kai sai wancan. A ƙa'ida mai sauti ba ya rabuwa da shi, amma daren nan wa yake ta ƙa'ida?

Wajen sha ɗaya saura muka shiga kasuwa, ɓangaren ƴan tattasai. Lokacin kaka ne, buhuna jibge a ƙarƙashin rumfunan kwano, ƙasa duk ta yi ja da gari. A nan Sani ya ce, “Modu, yi wa Kawu babur ɗin babanka.” Ni ne Kawun, haka yaran suke kirana. Modu ya noƙe. Da muka matsa masa, ya ce sai dai a hankali. Fanna ta kashe kamara don batir ya fara ja baya, ta ce in ɗauki sauti kaɗai. Wannan aiki ne da aka saba: a ɗauki ƙarar abu ba hoto, daga baya a ɗora ta inda ake so a cikin fim.

Na kai masa makirfo dab da baki. Ya dunƙule hannu biyu a kan leɓɓansa, ya buga ƙafa ƙasa sau ɗaya, sau biyu, a na uku injin ya kama. Ban taɓa jin irin wannan ba. Ya bar shi ya yi zafi, ya sa giya, ya ja, da ya kai giya ta biyu sai ya yi wani ɗan tari kamar zai mutu, sannan ya miƙe hanya. Duk wannan da murya ƙasa-ƙasa, wanda ke taku goma daga wurin ba zai ji ba. Allurar na'urata mai auna ƙara tana ta rawa, ni ma haka.

“Kawu, mu ji! Mu ji yadda ya fito!” in ji Fanna.

A sana'armu, duk abin da ka ɗauka sai ka saurara nan take, don in ya lalace ka sake tun mutumin yana gabanka. A ɗakin rediyo kuma mun saba saurare a lasifika, don kowa ya ji ya ba da ra'ayi. Shekara ashirin ina haka, hannuna ya riga kaina sanin aikin. Kask yana kan Kiari can gefe yana sauraren ɓeraye. A jakata akwai wata ƴar lasifika mai batir, wadda yaran suka sha kiɗa da ita da rana suka bar ta a ƙure. Na jona waya, na danna.

Jama'a, babur ya tashi a tsakiyar kasuwar Diffa. Rumfunan kwanon nan suka karɓa suka mayar, ɗaya ya zama uku. Na rikice ina laluben inda ake kashewa, na ƙara masa ƙarfi. Kafin in fizge wayar ya riga ya shiga giya ta biyu har ya yi tarinsa. Karnukan garin kaf suka ɗauka.

Ba mu motsa daga inda muke ba sai ga hasken tocila ta ɓangare biyu, da ƙarar takalma, da muryar da ke cewa kowa ya kwanta. Muka zube rubda ciki, fuska a cikin garin tattasai. Sani ne ya fara atishawa, Fanna ta karɓa, ni na biyo. Ina so in ce muna da takarda, atishawa ta hana. Sojoji biyar suka kewaye mu da bindigogi, takalmansu suka tayar da garin, ba a jima ba su ma suka shiga layi. Da ba don bakin bindigar da ke saitin ƙeyata ba, da na ce ban taɓa ganin abin dariya irin wannan ba.

Shugabansu wani sarjan ne, dogo, daga jin harshensa mutumin Tawa ne. Ya karanta takardarmu yana share hanci, ya tura mutum biyu su bincike rumfuna.

“Ina moton ya ke?” in ji shi, babur yake nufi.

“Sarjan, babu moto. Sauti ne, daga na'urar nan ya fito. Bari in kunna maka ka ji.”

“Taɓa ta ka gani! So ka kai bariki duka ta taho nan?” Ya tsuguna ya haska na'urar. “Kai tsoho, kak ka maishe ni wawa. Wagga aba, abin da ta jiya shi ta ka ɗauka. In ta ɗauki moto, to ta ji moto. Ina kunka ɓoye shi?”

Maganarsa kuwa tana kan hanya. Na ce bakin yaron nan ne. Ya nemi hoton da ke nuna haka, Fanna ta ce kamara a kashe take lokacin. Ya sake duba takarda, ya bi sunaye da yatsa, ya tsaya daidai inda kaftin ya tsaya.

“Wane ne Modu? Kai ne ba ka da takarda? Kuma kai ne mai moto?” Ya juya ga wani soja. “Kira mota. Wanga yaro jandarmari za shi kwana.”

Nan dariya ta ƙare mini. Na tuna akwai babur na gaske lulluɓe a ɗakin uwarsa, in bincike ya kai can ba mai sauraren zancen ƙafar gaba da aka cire. Na roƙi sarjan ya ba yaron dama ya yi a gabansa. Ya ce to, shi yi.

Aka tayar da Modu tsaye, tocila uku a fuskarsa. Ya kai hannu baki. Ya hura, iska kawai ta fito. Ya sake, leɓɓan sun bushe, ga yajin tattasai, ga hawaye. A karo na uku ko iskar ba ta fito ba. Sarjan ya girgiza kai, sojan ya ɗaga rediyo zai kira mota.

Ban san inda dabarar ta fito ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na tsara ta ba. Tsoro ne kawai ya sa na miƙe a kan gwiwoyina na ce, “Sarjan, ga yadda yake yi, duba!” Na dunƙule hannu a baki na kama yin babur. Abin da ya fito ya fi kama da tunkiya mai mura. Na dage, ina murza hannu a iska, ina tofar da yawu, har da karkata kamar ina shan kwana. Wani ƙaramin soja ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Na ƙara ƙaimi.

“Kawu, ba haka ba ne!”

Modu ne. Ya ɓata fuska, ransa ya ɓaci da gaske, ya manta da bindiga ya manta da tocila.

“Ko cok ba ka ja ba. Kuma wa ya ce maka ana tashi da giya? Matsa.”

Na matsa. Ya lashi leɓe, ya gyara tsayuwa kamar mai hawa, ya buga ƙafa. Ɗaya, biyu, uku, injin ya kama. Sojan da ke riƙe da rediyo ya sauke hannunsa a hankali. Modu ya ja, ya kai giya ta biyu, ya yi tarin nan.

“Tsaya,” in ji sarjan. “Sake wurin nan.”

Ya sake.

“Buji ne. Bujin ya ci wuta,” in ji sarjan, fulogi yake nufi.

“A'a shef, karbireta ce, datti ta sha,” in ji ƙaramin sojan.

“Kai, shekara huɗu ina kabu-kabu kafin in shiga soja, za ka gwada man buji?”

Modu ya cire hannu daga baki ya ce babansa ma buji ya ce. Sarjan ya dubi sojan nan da alfahari kamar an ƙara masa igiya. Su Sani da ke kwance suka fashe da dariya, atishawa ta sake tashi.

Saura bayani ga kaftin, don duk shingayen garin sun ji, kowa ya ɗana bindiga. Sarjan ya karɓi rediyo ya ce moton da aka ji na bakin yaro ne. Kaftin ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Kaftin ya ce a sa masa yaron. Haka Modu ya tayar da babur ɗin babansa a cikin rediyon sojoji, a hankali, duk shingayen Diffa suna saurare. Da ya gama muka ji wani daga wani shingen ya ce karbireta ce. Kaftin ya daka tsawa a yi shiru, ya ce a raka mu gida, teknisiyan kuma ya same shi a buro ƙarfe takwas na safe. Sunan Modu bai shiga littafin kowa ba. Lasifikata dai sarjan ya sa ta a aljihu, har yau ban sake ganinta ba, ban kuma tambaya ba.

A hanyar komawa yaran kamar su tashi sama. Kowa yana kwaikwayon babur ɗina, har da sojojin da ke rakiyarmu. Muka ajiye Kiari, muka ajiye Sani, ina ta shirya yadda zan ba Ya Falmata labari ta yi dariya.

Ban kai ga ƙwanƙwasa ƙofar ba ta buɗe. Tana tsaye da goyo a baya, ƴan mata biyu riƙe da zanenta, kowace da takalmi a ƙafa. A bayanta ƙullin kaya ne guda biyu, an ɗaure tukunya a saman ɗaya. Ta kama Modu ta shafa kansa, ta shafa kafaɗunsa da hannayensa kamar mai ƙirga su. Na fara ba ta labari, ina dariya ina haɗawa da hannu. Ta bari na kai ƙarshe.

“Malam Lawali, daren da muka bar garinmu, haka muka fara ji,” in ji ta. “Maƙwabta tun ɗazu suka haura katanga suka yi yamma. Ni na ɗaure kaya, amma ina zan je, guda yana waje?”

Sai da sojojin suka bi layi-layi da tocila suna kiran mutane su dawo, wata tsohuwa ma a ramin da ake ɗibar ƙasa aka same ta da jikokinta. Faɗan da kaftin ya yi mini da safe, da takardar gargaɗin da shugaban tasharmu ya ba ni, duk ba su kai mini inda maganar matar nan ta kai ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Abin da na ɗauka daga wannan dare shi nake so ku riƙe. Mu masu sauti mun iya auna ƙara da allura, mu ce wannan ta fito tsaf, wannan da hayaniya. Allura ba ta gaya maka abin da ƙarar take tuna wa mai jinta. Kafin ka saki sauti a cikin mutane, ka san abin da suka taɓa ji, in ba ka sani ba ka tambaya, in ba wanda za ka tambaya ka sa kask ɗinka.

Fim ɗin ya fito, ya yi kyau, Fanna ta bar babur ɗin Modu a ciki. Da aka zo nuna shi a Diffa, da rana tsaka a farfajiyar wata makaranta, ni na roƙa a bar ni in yi magana kafin a fara. Na tsaya gaban jama'a na ce za su ji babur a wuri kaza, yaro ne yake yi da baki, ga shi nan ma zaune a gaba. Modu ya miƙe aka yi masa tafi. Na rage ƙarar da hannuna har rabi. Duk da haka, da wurin ya zo, yara suna ta shewa, na hango mata uku a layin baya sun sunkuya suna laluben takalmansu.